Abin da Fata Ta Rufe Ba Gaibu Ba Ne

A cikin ayyukan asibiti kaf, da wuya a sami mai saurin ƙarewa kamar ɗaukar hoton ƙirji. Mai ɗaukar hoto zai karɓi takardar da likita ya rubuto, ya tambayi suna da shekaru don kada a ɗauki wani a madadin wani, sannan ya ce a tuɓe riga a sa ta asibiti, a cire duk wani ƙarfe daga wuya zuwa ƙugu: sarƙa, rigar mama mai ƙarfe, makulli da tsabar kuɗin aljihu, har laya ko guru in akwai, domin kowannensu yana iya fitowa a hoton ya tare wurin da ake son gani. Sai a tsayar da mutum ya manna ƙirjinsa da wani allo mai sanyi, ya ɗora haɓa a samansa, ya sa bayan hannuwa a kwankwaso, ya turo kafaɗu gaba. Ma'aikacin ya koma bayan katanga mai dalma, ya leƙo ta gilashi ya ɗaga murya: "Baba, ja numfashi sosai. Riƙe. Kada ka motsa." Na'ura ta yi 'yar ƙara. "To, saki." Shi ke nan an gama. Ba allura, ba zafi, kuma hasken da ya ratsa ƙirjin bai cika daƙiƙa ɗaya yana aiki ba. Amma ɗan aikin nan yana ɗauke da tambaya mai nauyi, wadda mutane da yawa ke yi a zuci ko da ba su furta ba: shin ya dace ɗan Adam ya leƙa abin da Mahaliccinsa ya lulluɓe da fata da tsoka? Abin da nake gani shi ne ya dace, kuma a wasu lokuta ya zarce dacewa ya zama wajibi. Duk wanda zai taɓa jikin mutum da sunan magani, in akwai hanyar gani kafin taɓawa, kuma abin da za a gani zai sauya abin da za a yi, to barin ganin sakaci ne da amana. Ƙa'idar da ta wajabta hoton a nan kuwa, ita ce dai ta hana shi a inda ba zai sauya komai ba.

Sanin yadda abin yake aiki yana rage rabin gardamar. A ranar 8 ga Nuwamba, 1895, Wilhelm Röntgen, malamin fiziks a jami'ar Wurzburg ta ƙasar Jamus, yana gwaji da wata kwalbar lantarki da ya naɗe da baƙin kwali, sai ya lura wani allo da ke gefe yana ƙyalli, alhali babu ta inda hasken kwalbar zai fita. Ya gane akwai wani haske da ido ba ya gani, wanda ke ratsa takarda da katako da tsoka, amma ƙashi da ƙarfe suna tare shi. Cikin watan Disamba na shekarar ya ɗauki hoton hannun matarsa, ƙasusuwan yatsu suka fito tare da zobenta. A 1901 shi aka fara ba lambar Nobel ta fiziks, kuma ya ƙi yin rajistar mallakar abin da ya gano, ya bar wa duniya. Hoton da muke kira eksire inuwa ce kawai. Ƙashi, saboda sinadarin kalsiyam da ke cikinsa, yana shanye hasken da yawa, sai ya fito fari. Iskar da ke cikin huhu ba ta tare komai, sai ta fito baƙa. Tsoka da kitse da ruwa su faɗo tsakani, su yi toka-toka. Abin da ya sa ake cewa a ja numfashi a riƙe ke nan: huhu ya cika da iska ya buɗe, motsi kuma ya tsaya don kada hoton ya yi dishi-dishi. Babu wani sirri a ciki da ya wuce wannan, kuma duk wanda ya zauna ya koya zai iya maimaita shi a Kano ko Damagaram ya sami irin sakamakon da aka samu a Jamus.

Wannan maimaituwa ita ce amsar mai cewa hoton kutse ne cikin gaibu. Malamai sun daɗe da rarrabe gaibu iri biyu. Akwai wanda Allah ya keɓe wa kansa, babu wata hanya da halitta za ta bi ta kai gare shi, kamar lokacin tashin alƙiyama, da abin da mutum zai aikata gobe, da ƙasar da zai mutu a cikinta. Akwai kuma abin da ya ɓoyu ga wani ya bayyana ga wani saboda nisa ko shamaki. Abin da ke faruwa a Kasuwar Kurmi a wannan sa'a ɓoyayye ne ga mutumin Maraɗi, amma ɗan kasuwar da ke zaune a rumfarsa yana kallon sa ƙuru-ƙuru. Ƙashin da ya karye a cikin cinya yana cikin kashi na biyu. Ya riga ya karye, yana nan a wurinsa, fata ce kawai ta shiga tsakaninsa da ido. Ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman, wadda ta ambaci abin da ke cikin mahaifa a jerin abubuwan da saninsu ke wurin Allah, ita aka fi kafa hujja da ita, musamman da na'urar sikanin ta zo tana nuna jinsin ɗan tayi. To amma Ibn Kasir, wanda ya rasu a shekara ta 774 bayan hijira, ɗaruruwan shekaru kafin a yi mafarkin kowace na'ura, ya yi bayani a tafsirinsa cewa da zarar an ba da umarnin ɗan tayi ya zama namiji ko mace, mala'ikun da aka wakilta suna sani, haka ma wanda Allah ya so daga cikin halittunsa. Ilimin da aka keɓe ya fi siffar gaɓoɓi faɗi nesa ba kusa ba: arzikinsa, da ajalinsa, da aikinsa, da makomarsa. Babu hoton da ya taɓa nuna ɗaya daga cikin waɗannan. Likita zai iya nuna maka tabo a saman huhu, amma bai san ko mai tabon zai riga shi mutuwa ko shi zai riga mai tabon ba. A nan ne hanyar likita ta rabu da ta boka. Boka yana da'awar sanin abin da babu sababin da ke kaiwa gare shi, kuma ba ya ba ka damar bin diddigi. Mai hoto yana miƙo maka abin da ya gani a hannunka, ka kai wa wani likita a wani gari ya duba, ya yarda ko ya musa.

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, domin tana fitowa daga zuciya mai imani. Mai ita zai ce cuta da waraka duka daga Allah suke, abin da aka rubuta ba ya kankaruwa, to mene ne amfanin tone-tone? Har zai kawo labarin matar nan mai farfaɗiya da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri, ta zaɓi haƙuri. Ba a raina wannan magana. Gaskiya ne cewa malaman farko sun yi saɓani kan hukuncin neman magani, wasu suka ce halal ne kawai, wasu suka ce mustahabbi ne. Sai dai a lura da abu biyu game da matar. Ta san abin da ke damun ta, kuma jikinta ta yi wa zaɓi, ciwonta ba ya tsallakawa kan kowa. Wanda ya yi wata biyu yana tari, yana ramewa, yana jiƙa shimfiɗa da gumin dare, ya ƙi zuwa a ɗauki hoton ƙirjinsa a gwada majinarsa, ba a matsayinta yake ba. In tarin fuka ne, to matarsa da 'ya'yan da ke kwana ɗaki ɗaya da shi, da waɗanda ke haɗa sahu da shi a masallaci, duk suna shaƙar abin da yake fitarwa, kuma babu wanda ya nemi shawararsu. Nijeriya tana cikin ƙasashen da wannan cuta ta fi yi wa katutu a duniya, alhali maganinta na wata shida kyauta ake ba da shi a cibiyoyin gwamnati. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa neman magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga rasa rai, ko rasa gaɓa, ko nakasa, ko kuma idan cutar mai yaɗuwa ce. Ƙa'idar usulu kuwa sananniya ce, cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Ba a maganin abin da ba a tantance ba.

Labarin Sayyidina Umar a lokacin annobar Amwas, wanda ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Bukhari da Muslim, ya nuna yadda sahabbai suka fahimci lamarin. Ya kama hanyar Sham, ya iso wani wuri da ake kira Sarg, sai labari ya riske shi cewa annoba ta ɓarke. Ya tara mutane rukuni-rukuni ya yi shawara, sannan ya yanke a juya. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara ake yi, Umar ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddara take, kamar yadda makiyayin da ya zaɓi ɓangaren kwari mai ciyawa bai fita daga ƙaddara ba. Abin da ya fi jan hankalina a labarin shi ne Umar bai toshe kunne don kada ya ji halin da Sham ke ciki ba. Ya karɓi labarin, ya auna shi, ya yi aiki da shi. Ina kuma zargin cewa sau da yawa abin da ke hana mutum shiga ɗakin hoto tsoro ne ya ari rigar tawakkali. Tsoron a ce ciwon daji ne, tsoron a ce sai an yi aiki, tsoron kuɗin da zai biyo baya, tsoron abin da dangi za su ce. Wannan tsoro na ɗan Adam ne, kuma mai shi ya cancanci a rarrashe shi, a riƙa masa hannu har ƙofar ɗakin. Amma bai kamata a bar shi ya ɗauka cewa ibada yake yi ba. Mai tawakkali na gaskiya shi ne wanda zai iya jin sakamakon, kowane iri ne, zuciyarsa ba ta rabu da Ubangijinta ba.

Inda maganar ta fi tsanani shi ne wajen karaya, domin a nan akwai hannu na uku, na mai ɗori. Ɗori sana'a ce mai asali a ƙasar Hausa, gidaje ne suka gaje ta kaka da kakanni, kuma ba ƙaramin aiki suka yi wa jama'a ba a lokacin da babu wani abin dogaro sai su. Har yau suna kusa da mutane, suna karɓar abin da ya samu, suna zuwa har gida, suna yi wa majinyaci magana da harshen da yake ji. Karaya da yawa kuma, in ƙashin bai goce ba, tana haɗewa da kanta muddin an hana ta motsi, shi ya sa kowa yana da labarin wanda aka ɗora ya miƙe garau. Hannu mai gwaninta yana jin abubuwa da dama. Haka manyan likitocin Musulunci suka yi aiki: Zahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen 1013, ya ware sashe guda a littafinsa na tiyata kan ɗorin karaya da mayar da gocewar gaɓa, kuma da yatsunsa ya dogara domin iyakar abin da zamaninsa ya mallaka ke nan. Babu laifi a kansa. Amma akwai abin da yatsa ba ya kaiwa. Wuyan ƙashin cinya, wanda ke yawan karyewa ga tsofaffi in sun zame a banɗaki, yana can ƙarƙashin tsoka mai kauri, ba a lalubo shi, kuma karan ɗori ba ya riƙe shi. Karayar da ta tsaga ta shiga cikin gaɓa, in ba a daidaita ta daidai wa daida ba, gaɓar za ta sandare. Kafaɗa ko gwiwar hannu da ta goce aka ɗauka targaɗe ne aka yi ta murza, bayan 'yan makonni mayar da ita sai da tiyata. Wani ƙashin ma ƙari ko ƙwayar cuta ce ta cinye shi daga ciki har ya karye da ɗan tuntuɓe, a ɗora shi sau uku ba zai kama ba.

A ɗauki yaro ɗan shekara shida da ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya dafa ƙasa da hannu. Ɗaya daga wuraren da suka fi karyewa ga yara irinsa shi ne ɗan sama da gwiwar hannu, kuma babbar jijiyar jinin da ke ciyar da damtse da yatsu ta gaban wannan wurin take wucewa. Kumburi yana ƙaruwa ne a kwanakin farko. In aka jera kara aka ɗaure tamau, naman da ke kumbura ba shi da wurin zuwa, sai ya matse jijiyoyin. Yaro ya kwana yana ihu, yatsu su yi sanyi su dushe, a ce ɗori ne yake kamawa. Tsoka kuwa sa'o'i kaɗan take jurewa babu jini. Likitocin ƙashi a Zariya da Maiduguri sun yi rubuce-rubuce kan yaran da aka kawo musu hannu ya riga ya ruɓe, babu abin da ya rage sai yankewa. Hoto ba ya nuna jijiyar jini, amma yana nuna ko ƙashin ya goce zuwa inda take, ya raba karayar da ɗauri mai sauƙi zai isar mata da wadda dole a shiga da ita ɗakin tiyata a daren. Akwai hadisi a Sunan Abi Dawud da ke ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, kuma malaman fiƙihu sun gina babi a kansa. Ma'anar da nake ɗauka daga ciki ita ce gwargwadon abin da ake iya sani, gwargwadon abin da za a tambayi mai magani. Mai ɗorin da ya rayu kafin 1895 yana da uzuri. Wanda ke aiki a garin da ke da na'urar hoto, ya ɗaure gwiwar yaro bai gani ba, uzurinsa ya ragu ƙwarai, haka ma uban da ya kai yaron. Uba yana iya haƙura da ciwon kansa, amma hannun ɗansa ba mallakarsa ba ne da zai yi caca da shi. Abin farin ciki, wasu masu ɗori sun fara tura mutane su yo hoto kafin su taɓa, wasu kuma in sun ga abin ya fi ƙarfinsu sukan ce a wuce Asibitin Ƙashi na Dala. Wannan bai rage musu daraja ba ko kaɗan.

Za a ce duk wannan maganar masu hali ce. Ƙauyuka nawa ne ke da na'urar? Wani sai ya yi tafiyar rabin yini a kan babur da karyayyar ƙafa, ya tarar babu wuta, ko na'urar ta lalace, ko kuɗin hoton ya fi abin da ke aljihunsa. Wannan gaskiya ce, kuma Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba za ta iya ba. Sai dai wajibin da ya faɗi daga kan talaka bai ɓace ba, ya koma kan waɗanda ke da iko. Malamai sun lissafa likitanci cikin farillan kifaya, waɗanda in babu mai tsayuwa da su al'umma duka ta yi laifi. Gyara na'urar hoton babban asibitin ƙaramar hukuma da sa mata hasken rana yana cikin wannan babi, ga gwamnati da kuma attajirin da ke neman inda zai yi sadaka mai gudana.

Saura hujjar cutarwa, wadda ita ce ta fi kowacce tushe a kimiyya. Hasken eksire yana iya lalata ƙwayoyin halittar jiki, kuma an biya wannan sani da rayuka. Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison a Amurka, ya yi shekaru yana gwaji da hannuwansa har suka ƙone suka zama ciwon daji, aka yanke su, ya mutu a 1904. A 1936 aka kafa dutsen tunawa a wani asibiti a Hambag ɗauke da sunayen likitoci da ma'aikatan jinya da masu sarrafa na'ura da wannan haske ya yi ajalinsu. An yi zamanin da shagunan takalma a Amurka da Ingila ke haska ƙafafun yara da shi don a ga ko takalmi ya yi daidai. A 1956 likita Alice Stewart ta jami'ar Oxford ta nuna alaƙa tsakanin haska cikin mai juna biyu da ƙaruwar ciwon daji ga yaran da aka haifa. Daga irin waɗannan darussa aka gina dokokin da ake bi yau, waɗanda ginshiƙinsu biyu ne: kada a haska mutum sai amfanin ya rinjayi illar, in kuma za a haska a yi da mafi ƙarancin abin da zai ba da hoto mai karantuwa. Ɗalibin fiƙihu zai gane wannan nan take, domin ita ce ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin cutarwa biyu don kauce wa mafi girma, da ƙa'idar cewa larura ana auna ta da gwargwadonta.

Alƙaluman kuwa suna kwantar da hankali. Kowane ɗan Adam yana shan irin wannan haske kullum daga ƙasa da duwatsu da sararin sama da abinci, matsakaicinsa a duniya kimanin milisibat (ma'aunin wannan haske) 2.4 a shekara. Hoton ƙirji bai wuce kimanin 0.1 ba, wato abin da mutum ke samu cikin kamar mako biyu yana zaune a gidansa. Na hannu ko ƙafa bai ma kai haka ba. Hasken ba ya zama a jiki, da an kashe na'ura ya tafi, kuma hoton ƙirji ko na ƙafa ba ya hana haihuwa kamar yadda ake raɗe-raɗi. Masu tambayar dalilin da ma'aikaci ke ɓuya bayan katanga in da gaske babu illa, amsar ita ce majinyaci sau ɗaya ya zo, shi kuwa ma'aikacin yana ɗaukar mutane da yawa kowace rana shekara da shekaru, kuma babu ciwon da ake nema a jikinsa da zai sa ya karɓi ko ɗigo. Amma siti-sikan na ciki, wanda shi ma da wannan haske yake aiki, wani abu ne daban, yana iya kaiwa milisibat 8 zuwa 10, kwatankwacin na shekara uku ko fiye, kuma jikin yara ya fi na manya saurin illatuwa. Saboda haka ƙa'idar tana yanka ta ɓangare na biyu. Akwai majinyacin da ba ya jin an duba shi sai an yi masa hoto, kamar hoton ne maganin. Yawancin ciwon baya yana lafawa cikin 'yan makonni, kuma hoton bayan mai shekara hamsin kusan kullum zai nuna alamun tsufa ko da ba ya jin ciwon komai, sai a bar shi da fargabar abin da ba shi ne matsalarsa ba. Akwai kuma inda ake rubuta hoto don kamashon da ke dawowa daga wurin ɗauka. Wannan cin dukiyar mutane ne ba da haƙƙi ba, haɗe da cutar da jikinsu. Majinyaci yana da haƙƙin ya tambayi likita cikin ladabi abin da ake nema a hoton da kuma abin da zai sauya in an gani, ya kuma adana tsohon hotonsa ya riƙa zuwa da shi don kada a maimaita a banza.

Batun al'aura ma da wannan ma'auni ake warware shi. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, amma ba su ce a tuɓe a tsakar kasuwa ba. Majalisar Fiƙihun da na ambata, a zamanta na Burunai a 1993, ta ce asali mace ce ke duba mace, in ba a samu ba namiji amintacce ya duba, ya tsaya iyakar wurin da ake bukata, tare da muharrami ko miji ko wata mace amintacciya. Hasken yana ratsa rigar auduga marar maɓalli, don haka babu dalilin da zai sa a bar mace tsirara don hoton ƙirji, kuma asibitin da ba ya tanadar rigar sauyawa da labule ya tauye haƙƙi. Hoton da ba a sha komai ba kuma ba ya karya azumi. Abin da na fi so a kula da shi shi ne tambayar da ake yi wa duk macen da ke shekarun haihuwa: "Hajiya, yaushe rabonki da al'ada? Ko akwai yiwuwar ciki?" Tambayar don kare ɗan tayi ake yin ta, musamman in hoton na ciki ne ko ƙugu ko ƙasan baya, inda za a iya jinkirtawa ko a koma ga sikanin, wanda da sauti yake aiki. Mai ciki da ta karya ƙafa ba a hana ta hoto, domin abin da ke isa mahaifa daga can bai taka kara ya karya ba. Amma amsar gaskiya ba ta samuwa in an jefa tambayar da ƙarfi a gaban suruka, ko a gaban mahaifiyar budurwa, ko a kan layin da maƙwabta ke zaune. Amarya mai kunyar cikin fari za ta ce babu, wadda ke cikin wani hali za ta ce babu, kuma wanda zai ɗauki illar bai da bakin magana. Sirranta tambayar yana cikin aikin, daidai da saita na'urar.

Mai karatu mai lura zai ce na ba hoton matsayi mai girma, alhali yana kuskure. Yana yi kuwa. Inuwa ce ta abu mai kauri da aka shimfiɗe a fili ɗaya, shi ya sa ake ɗaukar ƙashi ta fuska biyu, gaba da gefe, domin karayar da ta ɓuya a ɗaya takan fito a ɗayan. Ba ya nuna jijiyar da ta tsinke ko guringuntsin gwiwa da ya yage. Tabon huhu ba ya faɗin sunansa, sai gwajin majina ya tabbatar ko tarin fuka ne. Wannan bai rushe hujjata ba, domin abin da na ce wajibi ne shi ne neman sanin da ake iya samu, kuma sanin iyakar na'ura yana cikinsa. Akwai wani ɗan ƙashi a wuyan hannu, a gindin babban yatsa, da ke karyewa in mutum ya faɗi ya dafa ƙasa da tafi. Sau da yawa hoton ranar farko ba ya nuna komai, kuma in aka yi sakaci ɓangarensa yana iya mutuwa saboda ƙarancin jinin da ke isa gare shi. Likitan da ya san aikinsa zai danna ɗan ramin da ke gindin yatsan, in majinyaci ya zabura, sai ya ɗaure hannun kamar ya ga karayar da idonsa, ya ce a dawo bayan kwana goma zuwa sha huɗu a sake ɗauka, lokacin da bakin karayar ya buɗe ya fito fili. Majinyacin da aka ce wa hotonsa bai nuna komai ba, amma ciwo ya ƙi tafiya, ko tari ya ci gaba, ko ƙafa ta ƙi ɗaukar nauyinsa, komawa asibiti yana kansa, kuma sake duba shi daga farko yana kan likitan da ya sallame shi.